Yadda ake wanke kwalba a mayar da ita ta ruwan sha a gida

A Yamai, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, babu abin da hannu ke yawan taɓawa a gida kamar mazubin ruwa. Yaro ya dawo daga makaranta ya nufi randa, baƙo ya yi sallama a tarbe shi da ruwa, mai girki ta ɗiba da hannun da ta gama yanka nama. Moɗa ɗaya ce ke shiga tana fita, wani lokaci a ajiye ta a ƙasa, a sake tsoma ta. Ruwan da ya shigo gida da tsabtarsa, a cikin gidan yake lalacewa.

Nan kwalba ta fi. Bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, moɗa ba ta shiga, ruwa fita kawai yake yi. Gilashi ba ya shan wari, ba ya kama launi, ba ya lanƙwashewa idan ya ji ruwan zafi, kuma ana iya tafasa shi. Gorar roba ta ruwan kanti kuwa, idan ta daɗe tana zagaye sai ta karce, ta dushe, dauɗa ta samu wurin maƙalewa. Sai dai ƙanƙantar bakin da ke tsare ruwan ita ce kuma ke hana soso shiga, shi ya sa wankin kwalba yake da ƙa'idarsa. Uwargida, ga yadda ake yi.

Ki san abin da ya zauna a cikinta

Wannan ya fi duk wankin da zai biyo baya muhimmanci, kuma a nan ne zan fi daɗewa. Kwalba a garin nan ba ta mutuwa da wuri. Wadda ta zo da siro yau, gobe tana hannun mai zuma, jibi tana kan teburin mai sayar da isans a bakin titi. A kasuwar Katako za ki tarar da su jibge, manya da ƙanana, an ɗauraye su suna sheƙi, amma babu mai iya gaya miki inda kowace ta biyo. Wata ta ɗauki man fetur, wata kananzir, wata baƙin mai, wata ruwan batir, wata kuma piya-piya ko maganin feshin gona.

Duk kwalbar da ta taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan, ta fita daga sahun ruwan sha har abada. Za a ce miki ai gilashi ba ya tsotsar abu, kuma gaskiya ne. Amma saura yana laɓewa a layin da murfi ke murɗawa, da kwanar gindi, kuma ba ki da abin da za ki auna a gida ki tabbatar ya fita. Maganin ƙwari kaɗan ne ke isar ƙaramin yaro. Kwalba ba ta kai tsadar da za a yi wannan kasada ba.

Wadda ta fi kwanciyar rai ita ce wadda aka shanye abin cikinta a gabanki: ta siro, ta zuma, ta binegar, ta man gyaɗa, ta soyayyar gyaɗa, ta ruwan ƴaƴan itace. Ko ki roƙi ƴar uwa ko maƙwabciya ta riƙa tara miki nata. Idan dole sai kin saya a kasuwa, ki rufe ta, ki ajiye a rana kamar awa ɗaya, sannan ki buɗe ki sansana. Zafi yana tayar da warin mai ko magani da hanci bai ji ba da farko. Kin ji wari, ki yar. Ba ki ji ba, duk da haka ni da zan zaɓa sai in bar ta ga wani abin da ba na ci ko na sha ba. Game da kwalaben giya da suka yi yawa a kasuwa kuwa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da su ba ya bar su, ba a rasa wasu.

Bayan tarihi sai lafiyar jiki. Ɗaga ta sama wajen haske ki juya a hankali, ki nemi tsaga ko da siririya ce. Zagaya bakin da farce ko da ɗan ƙyalle. In ya sarƙe, bakin ya ɓantare, kuma ɓantaren gilashi yana iya faɗawa cikin ruwa. Ƙwanƙwasa ta da cokali: lafiyayya tana amo mai tsawo, tsagaggiya kuwa sautinta a dakushe yake. Ki fi son fara tas wadda ake ganin ciki a kan koriya ko mai ruwan ƙasa, don duhun gilashi yana ɓoye dauɗa. Ki nemi mai murfin murɗawa. Kwalaben lemu masu murfin ƙarfe da ake ɓallewa da mabuɗi ba su rufuwa kuma, ga shi yawancinsu na mayarwa ne, mai shago yana jiran abinsa.

Jiƙo da cire takarda

Zuba ruwa mai ɗumi a baho, ki sa sabulun wanke-wanke ko ɗan omo, ki nutsar da kwalaben har su cika. Na siro da na lemu awa ɗaya ta ishe su. Na mai da na zuma su kwana. Takardar jiki za ta saki da kanta; wadda ta ƙi, ki kankare da bayan wuƙa. Danƙon da ya rage ki shafa masa ɗigon man girki, ki bar shi ɗan lokaci, ki murje da ƙyalle, sannan ki wanke maiƙon da sabulu. Kada ki ce ai a waje yake. Danƙo yana kama ƙura, hannu ya taɓa shi ya taɓa baki.

Wankin ciki

Idan kina da buroshin kwalba, irin na wanke bibiron jarirai, aikin ya yi sauƙi. Ki ware shi don wannan kaɗai. Idan babu, ki zuba ɗanyar shinkafa kamar cokali biyu, ko gishiri mai tsakuwa, ki ƙara ruwa kaɗan da ɗigon sabulu. Ruwan kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, don idan kwalbar ta cika shinkafar iyo kawai za ta yi. Toshe bakin da tafin hannu, ki girgiza sama da ƙasa, sannan ki kwantar da ita ki riƙa kaɗawa yadda ƙwayoyin za su goge bango. Wurare biyu ne dauɗa ke ɓuya: kwanar gindi, da kafaɗa inda jiki ke tsukewa ya zama wuya. Ki kifa ta ki jujjuya don shinkafar ta zauna a kafaɗar.

Iyayenmu da yashi da toka suke goge tukwane, kuma a kan tukunya babu laifi. Toka tana cire maiƙo sosai, kina iya tace ta ki yi amfani da ita idan sabulu ya ƙare. Yashi ne ban yarda da shi ba a cikin kwalba. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, tana karce shi, kuma a cikin karcen ne dauɗa za ta riƙa zama daga baya.

Wani lokaci za ki ga fari-fari ya kama bango, sabulu ya ƙi cire shi. Wannan gishirin da ke cikin ruwa ne ya bushe a jiki, ya fi yawa ga masu shan ruwan rijiya ko na burtsatse. Tsami ke narkar da shi. Zuba binegar ko ruwan lemun tsami, ki bar shi rabin awa, ki girgiza, ki zubar. Kore-koren gansakuka kuwa alama ce ta kwalbar da aka bari da ruwa a wurin haske. Buroshi da jabel, ruwan nan na farantar da tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, su ne maganinta.

Sai bakin. Shi ne wurin da aka fi mantawa, kuma shi ne wurin da ruwa ke bi ya fita. Tsohon buroshin haƙori da aka tafasa yana shiga layin murfin da kyau. Bayan haka ki kurkure sau uku ko huɗu har kumfa ta ɗauke. Saka ɗan yatsa mai tsabta ki shafa cikin wuyan. Idan kin ji santsi ko yauƙi, ƙwayoyin cuta ne suka yi shimfiɗa, wanki bai yi ba, ki sake. Gilashi mai tsabta yana ɗan riƙe yatsa, har ya yi ƙara.

Kashe ƙwayoyin cuta

Sabulu yana cire dauɗa, amma bai gama aikin ba. Hanya biyu ce, ki zaɓi wadda ta yi miki.

Ta farko tafasawa. Shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a gindin babbar tukunya don kada kwalaben su riƙa bugun ƙarfe. Cika kowace da ruwa, ki kwantar da su, ki ƙara ruwa har ya shanye kansu. Ruwan ya zama mai sanyi a lokacin da kike sa su, su ɗumama tare. Gilashin kwalba ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya: idan kika jefa kwalba mai sanyi cikin tafasasshen ruwa, ko kika tsiyaya mata shi daga buta, gefen da zafin ya fara taɓawa zai buɗe kafin ɗayan, sai ki ji ƙas. Daga lokacin da ruwan ya fara tafasa sosai ki ƙirga minti 10. Sauke tukunyar, ki bar ta ta huce har hannu ya iya shiga. Kada ki ɗora kwalba mai zafi a kan siminti mai sanyi ko tayil, ki ajiye a kan ƙyalle. Wannan hanyar tana cin gas ko gawayi, saboda haka ni a karon farko nake son ta, ranar da kwalba ta shigo gida, da kuma bayan wani ya yi rashin lafiya.

Ta biyu jabel, ita ce ta kowane mako. Duba ƙarfinsa a jikin gorar: yawanci za ki ga an rubuta 8° ko 12°, ko kuma 2,6%. Ki sayi wanda ba a sa wa ƙamshi ba, kuma a rufe yake da takardarsa. Wanda ake aunawa a kasuwa cikin gora marar suna ba a san ƙarfinsa ba. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ki sa cokalin shayi biyu, wato mililita 10. Zuba haɗin a kwalbar, ki rufe, ki girgiza ya taɓa ko'ina har murfin, ki bar shi kamar minti 2. Sai ki juye a ta gaba, haka har ki gama da su duka. Kurkure da ruwan da za ki iya sha, ba da na baho ba, in ba haka ba kin mayar da abin da kika kashe. Haɗin na ranar ne kawai, kada a ajiye shi zuwa gobe. Shi kansa jabel zafi da rana suna rage masa ƙarfi, ki ajiye shi a inuwa, a sama inda yara ba su kai.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada jabel ya haɗu da binegar ko lemun tsami. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Idan kin cire farin nan da tsami, ki kurkure sosai kafin jabel ya shiga. Kuma ki yi aikin a tsakar gida, ba a ɗaki rufe ba.

Busarwa

Mutane da yawa a nan suke ɓata aikinsu. An wanke tas, sai a ɗauko tsumman kicin a murɗa a cusa ciki, ko a rufe kwalba da danshinta a tura ƙarƙashin gado. Tsumma yana mayar da dauɗa, danshi a rufe kuma yana kawo warin gumi da baƙi-baƙi a murfi. Ki kife su a kan kwando ko ragar kwanuka, yadda bakin ba ya taɓa ƙasa kuma iska tana shiga ta ƙasa. A zafinmu ba su daɗewa. Lokacin hunturu da buji ke tashi, ki yafa musu mayafi mara nauyi mai tsabta ko ki shigar da su ɗaki. Wadda za ki cika nan take ba sai ta bushe ƙayau ba, ta tsane ya isa. Wadda za ki ajiye kuwa sai ta bushe sarai kafin murfi ya hau.

Murfi

A ganina murfi ya fi kwalbar kanta ban tsoro. Gilashi yana wankuwa, murfi kuwa yana da lungu. Leƙa cikinsa: akwai ɗan faifai na roba ko na kwali. Na kwali ba ya wankuwa, yana shan siro ko mai ya riƙe. Irin wannan murfin a sake shi. Na roba ki ɗaga shi da bakin cokali in yana ɗaguwa, za ki sha mamakin baƙin da ke ƙarƙashinsa. Wanke da buroshi, ki tsoma a ruwan jabel ɗin nan na ɗan lokaci, ki kurkure, ki shanya. Murfin ƙarfe kada ya daɗe a jabel, tsatsa yake yi, kuma da ya fara tsatsa ya gama aiki. Toshiya da totuwar masara ko takarda ko leda da aka murɗe, irin ta masu sayar da mai, ba ta ruwan sha ba ce. Cika kwalbar, ki rufe, ki kife ta: idan ta ɗiga, abin da ya bar ruwa ya fita zai bar ƙura ta shiga.

Ruwan da za ki zuba

Kwalba mai tsabta ba ta gyara ruwa marar kyau. Ruwan pampon Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace shi a sa masa magani a tashar ruwa ta unguwar Gudel, kuma idan daga bakin pampo kika tara kai tsaye, kin rage hannayen da ya bi. Idan ruwa ya ɗauke ya dawo, ki bar na farko ya zuba a bokitin wanki har ya washe. Wanda ƴan garuwa suka kawo a bido, da na rijiya, da kowane ruwa a lokacin ambaliya irin ta 2020 da ta 2024, yana son magani kafin ya shiga kwalba. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, ta taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa har da Yamai, kuma ta ruwa da hannu da abinci take bi.

In ruwan ya gurɓace, ki bar shi ya kwanta, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka. Alif ko dakakken ƙwayar zogale suna kwantar da laka, amma ba su isa su kashe cuta ba. Bayan ya washe ki tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, ki bar shi ya huce a rufe kafin ki zuba. Ko ki sa ƙwayar Aquatabs da ake samu a farmasi. Ƙwayoyin suna da girma daban-daban, ki karanta lita nawa aka rubuta a takardar, ki jira minti 30 kafin a sha. Akwai kuma hanyar rana: a cika farar kwalba wadda ba ta wuce lita 2 ba da ruwa garau, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana sosai, ko kwana biyu idan akwai hadari ko hazo. Koriya da mai ruwan ƙasa ba su yin wannan aikin, don launinsu yana tare hasken.

Wanke hannu da sabulu kafin cikawa. Idan da mazurari kike zubawa, shi ma ya sha wankin da kwalaben suka sha, kuma kada ya zama wanda ake ɗura kananzir da shi. Ki bar sarari kamar yatsa biyu a wuya.

Yau da gobe

A tsiyaya a kofi, kada a kafa kai. Bakin mutum ɗaya ya taɓa, kwalbar ta zama tasa. Idan yara sun saba, ki ɗaura wa kowa zare mai launinsa a wuyan tasa. Kada a riƙa ƙara sabon ruwa a kan tsoho. Ta ƙare, a wanke da sabulu, a kurkure, a sake cikawa. Ruwan da ya kwana biyu ba a sha ba a ba shuka, don maganin da ke cikinsa yana gushewa da zafi. Wadda aka zuba wa zoɓo ko lemu-hari ko kunu a wanke ta a ranar, sukari ba ya jira.

A firigo kwalba tana da daɗi, tana riƙe sanyi ko an ɗauke wuta na ɗan lokaci. Amma kada ta shiga wurin ƙanƙara. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma gilashi ba ya miƙewa. Wanda ba shi da firigo ya ɗinka wa kwalbar riga da buhun algarara ko tsohon tawul, ya jiƙa, ya rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Danshin da ke tashi shi ke janye zafin, dabarar randa ce. A bazara da iska ke bushe tana aiki sosai, a Agusta kuwa ba ta kai haka ba. Kada dai a tsoma kwalba cikin randar da ake sha don ta yi sanyi, wajenta hannu ya taɓa.

Maigida, wannan naka ne: kada a zuba kananzir ko jabel ko isans a kwalba irin ta ruwan sha a bar ta a tsakar gida. Kananzir fari ne, yaro mai ƙishi ba ya sansanawa. Idan ta kama dole, a yi mata alama babba, a kulle ta nesa da kicin. Wadda ta fashe kuma a share wurin da tsintsiya, a bi da jiƙaƙƙiyar takarda don ƙananan ɓaraguzai, a naɗe su a kwali kafin a kai bola, saboda yaran da ke yawo ba takalmi da masu tonon shara.

Ki ware kwalba ɗaya wadda kika tabbatar lita ɗaya ce cif. Duba gindinta ko takardarta tun kafin ki cire, don da yawa masu kama da lita santilita 75 ne. Ranar da yaro ya kamu da zawo, ita za ki ɗauko: ƙunshi ɗaya na gishirin zawo da ake bayarwa a likita, irin na lita ɗaya, a cikin ruwan da aka tafasa ya huce. Girgiza har ya narke, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da kofi ko cokali, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Idan yana amai ba tsayawa, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko akwai jini a bayan gidansa, a ɗauke shi zuwa likita nan take, a tafi da kwalbar ana ba shi a hanya.